Wanda Ya Rage Lissafi Bai Duba Natsuwarsa Ba, Ya Ci Amana

Akwai wani zane da ya zama ruwan dare a kundin ɗalibai da takardun injiniyoyi, kuma lokaci ya yi da za a daina karɓarsa a matsayin hujja. Layi biyu ne a kan takarda, ɗaya baƙi ɗaya ja. Baƙin ya fito daga cikakken samfurin lissafi mai ikweshan dubu, jan kuma daga ƙaramin samfurin da aka rage zuwa biyar ko goma. Layukan sun hau kan juna na tsawon sakan goma, sai marubuci ya rubuta a ƙasa cewa an yi nasara. Ba a yi ba. Iyakar abin da zanen ya nuna shi ne, a wannan taɓawa guda, cikin wannan ɗan lokaci, samfuran biyu sun yi kama. Bai taɓo tambayar da ta sa aka gina samfurin tun farko ba: in an girgiza wannan tsari, zai koma ya natsu ko kuwa zai ƙwace?

Ba rage lissafi nake tsinewa ba. Rage shi wajibi ne. Wanda ya zana fiffiken jirgin sama a kwamfuta yakan ƙare da ma'aunai dubu ɗari, mai zanen ƙwayar kwamfuta yakan kai miliyan, alhali na'urar sarrafawa da za a ɗora wa tsarin dole ta yanke shawara kafin ƙiftawar ido. Babu yadda za ta ɗauki wannan kaya duka. Sai an zubar da wani abu. Laifin da nake magana a kai shi ne zubarwa da ka, a miƙa wa wani ragowar, a bar shi ya gina gada ko tashar wuta a kanta ba tare da an tabbatar masa cewa halin tsarin na asali yana nan ba. Wannan sakaci ne, kuma tunda wanda aka miƙa wa ya yarda da kai ne ya karɓa, ya wuce sakaci ya zama cin amana.

Ka sa tsakuwa a cikin ƙwarya, ka sa wata a saman ƙwaryar da aka kife. Duka biyun suna zaune shiru, kuma hoto ba zai bambance maka su ba. Taɓa ta farko, ta yi lilo ta dawo gindi. Taɓa ta biyu, ta tafi ke nan. Bambancin yana cikin abin da ke biyo bayan taɓawa, kuma masana sun daɗe da ba mu hanyar gane shi. James Clerk Maxwell ya yi nazarin na'urar daidaita gudun injin tururi a 1868. Edward Routh a 1877 da Adolf Hurwitz a 1895 sun samar da gwajin da ɗalibin aji uku yake yi da biro. Aleksandr Lyapunov na Rasha, a kundin digirinsa na 1892, ya nuna cewa in ka samo wani awo mai kama da makamashi wanda kullum raguwa yake yi, ka tabbatar da natsuwa ko da ba ka warware ikweshan ɗin ba. Kayan aikin nan sun haura shekara ɗari da talatin a hannunmu. Wanda bai yi amfani da su ba, ba rashin su ne ya hana shi ba.

Ga misalin da ya isa ya rufe bakin mai gardama, kuma ba ya bukatar kwamfuta. Ɗauki tsari mai ma'aunai biyu: x′ = x − 2y, da y′ = 3x − 4y. Saiwoyin wannan tsari su ne −1 da −2, duka a ɓangaren hagu, wato duk inda ka ture shi zai koma sifiri. Yanzu wani ya zo ya ce y ƙarami ne, a share shi. Me ya rage? x′ = x. Wannan kuwa girma yake yi ba tsayawa, cikin sakan goma ya ninka kansa fiye da sau 22,000. Tsari lafiyayye ya zama mahaukaci don kawai an goge layi ɗaya, domin y ɗin da aka raina shi ne ke riƙe da x. Da mutumin ya bi hanya mafi hankali, ya ce y yana saurin zama don haka a ɗauki y = 3x/4, da ya samu x′ = −0.5x. Natsuwa ta tsira, amma saurin lafawar ya zama rabin na gaskiya, kuma wajibi ne a faɗa wa mai karɓa haka. To, in ma'aunai biyu sun iya yin wannan, me ya ba ka tabbacin cewa dubu ɗari ba za su yi ba?

Juyin wannan misali ya fi haɗari, domin shi kwantar da hankali yake yi. Ɗauki inji mai jinkiri guda na sakan ɗaya, ka ɗora masa na'urar sarrafawa mai ƙarfin K. A takarda, ko nawa ka ƙara K tsarin natsuwarsa yake yi, har ma ya ƙara sauri. Amma injin gaske yana da na'urar awo da na'urar motsawa, a ce kowace tana da jinkirin kashi ɗaya cikin goma na sakan. Wa zai damu da su? Mayar da su cikin lissafi ka yi gwajin Routh, za ka tarar da zarar K ya wuce 24.2 tsarin ya fara lilo kusan sau biyu a sakan, lilon kuma ƙaruwa yake yi. Ragaggen samfuri ya ce ka ƙara ba iyaka, injin ya ce iyaka tana nan kusa. Wanda ya sa K a 30 bisa shawarar takardarka, shi zai tsaya a gaban injin ranar gwaji, kai kana ofis.

Kada wani ya ce wannan wasan allo ne. A ƙarshen Janairun 1958 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko, Explorer 1. Siriri ne dogo, tsawonsa kimanin mita biyu, nauyinsa kusan kilo 14, an tsara shi ya riƙa juyawa a kan tsawonsa sau 750 a minti. Lissafin Euler na ƙaƙƙarfan jiki wanda ba ya lanƙwasa ya ce irin wannan juyi a natse yake, kuma lissafin daidai ne ga jikin da ba ya lanƙwasa. Sai dai tauraron yana da eriya huɗu sirara masu lanƙwasa. Nauyinsu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ba a sa motsinsu a lissafi ba. Lanƙwasar tasu ta riƙa shanye makamashi kaɗan-kaɗan, kuma jikin da ke asarar makamashi ba ya iya daɗewa yana juyi a kan siririn tsawonsa. Ba a jima da harba shi ba ya karkace ya koma wulwulawa a kwance. Ronald Bracewell da Owen Garriott sun bayyana dalilin a wannan shekarar. Darasin da ke nan ya fi ƙarfin sararin samaniya: ƙanƙantar abu a awo ba ta nuna ƙanƙantarsa a hukunci. Idan tsari yana tsaye a kan iyaka tsakanin natsuwa da ƙwacewa, ƙaramin abin da ka zubar shi ne alƙali.

A tashar wuta ta Mohave da ke jihar Nevada, sandar juyin janareta ta lalace a 1970, aka gyara, ta sake lalacewa a 1971. A nazarin layukan wuta na wancan zamani an saba ɗaukar injin juyi da janareta a matsayin dunƙule guda. A zahiri ƙarafa ne da yawa a jere a kan doguwar sanda da ke murɗuwa, kuma murɗuwar tana da nata saurin lilo. Kafasitocin da aka jera a dogon layin wuta suka samar da lilon lantarki da ya dace da na sandar, ɗaya yana ciyar da ɗaya. Samfurin dunƙule guda ba shi da bakin da zai faɗi wannan, don an cire masa wurin da cutar take. Mark Balas ya bayyana irin wannan a 1978 game da manyan gine-gine masu lanƙwasa: ka zana na'urar sarrafawa bisa lilo biyar na farko, ƙarfin da take turawa ya malala zuwa na shida da na bakwai da ka zubar, na'urar awo ta ji su ta mayar, sai su tashi. A farkon shekarun 1980 kuma Charles Rohrs da abokan aikinsa suka nuna cewa na'urorin sarrafawa masu gyara kansu, waɗanda aka yi wa hujjar natsuwa a takarda, suna ƙwacewa da zarar an mayar da ɗan guntun motsin da aka yi watsi da shi. Hujjojin ba ƙarya ba ne. An yi su ne a kan tsarin da babu shi a duniya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a yammacin Amurka ranar 10 ga Agusta, 1996. Rana ce mai zafi, ana tura wuta mai yawa daga madatsun ruwan arewa zuwa Kalifoniya. Wani layi mai ƙarfin kilovolt 500 a jihar Oregon ya saki saboda zafi ya taɓa itace, ya faɗi. Janaretocin madatsar McNary suka bi juna suna fita. Daga nan wutar da ke bin babban layin Kalifoniya da Oregon ta fara lilo, kusan sau ɗaya a kowane sakan huɗu, kowane lilo ya fi na baya girma, har tsarin ya tsage gida huɗu. Masu amfani da wuta kimanin miliyan bakwai da rabi abin ya shafa. Bayan ƙura ta lafa, injiniyoyi suka ɗauki samfurin da ake amfani da shi wajen tsara iyakar wutar da za a tura, suka zuba masa abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya. Samfurin ya ce lafiya lau. Layin da aka auna a fili yana hauka, layin kwamfuta yana kwance. Dmitry Kosterev da Carson Taylor da William Mittelstadt sun wallafa wannan kwatanci a 1999, kuma ba su samu layukan sun dace ba sai da suka sake fasalin yadda aka wakilci babban layin wuta mai tafiya ɗaya, da na'urorin daidaita gudun manyan injinan tururi, da halin kayan da ke jan wutar, waɗanda aka ɗauka kamar ba su da motsin kansu.

Ku tsaya a nan, 'yan'uwa injiniyoyi. Kowace sauƙaƙawa a wannan samfuri tana da dalilin da za a iya karewa a gaban kwamiti. Babu wanda ya yi da mugun nufi. Amma an tara su, an yi shekaru ana yanke hukunci da su, ba a gwada su da abin da layin gaske yake yi ba. Kuma abin da suka haɗu suka ɓata shi ne abu ɗaya da ake bukatar sani, wato ko lilo zai lafa ko zai girma. Na yaba wa mutanen da suka buga wannan zane, don sun nuna wa duniya gazawar kayan aikinsu. Nawa ne a cikinmu za su yi haka?

Yanzu ga dabarun ragewa, inda uzuri ya fi ƙaranci. Akwai hanyar da ke daidaita ƙaramin samfuri da babba a kusa da wani saurin lilo guda, wadda ta samo asali daga aikin Henri Padé na Faransa. Tana da sauri, tana ba da zane mai kyau, kuma an daɗe da sanin tana iya fitar da samfuri mai ƙwacewa daga tsari mai natsuwa. Hutton da Friedland sun kawo hanyar da ta dogara da teburin Routh a 1975 don maganin wannan ciwo. Masu zanen ƙwayoyin kwamfuta sun sake cin karo da shi bayan Pillage da Rohrer sun fito da hanyarsu a 1990. Feldmann da Freund sun gyara matsalar lissafin lambobi a 1995, amma tabbacin natsuwa bai samu a kowane hali ba. Abin mamaki ne ka ga tarin wayoyi da kafasitoci, waɗanda ba su da wurin samo makamashi, an rage su sun koma samfurin da ke haifar da wuta daga babu. Odabasioglu da Celik da Pileggi suka kawo PRIMA a ƙarshen shekarun 1990, wadda ke tabbatar da cewa abin da ba ya haifar da makamashi a asali ba zai haifar ba bayan ragewa. Amfaninta a fili yake: irin waɗannan guntaye ko yaya ka haɗa su da juna, haɗin ba zai ƙwace ba. Natsuwar kowane guntu shi kaɗai ba ta ba da wannan tabbaci.

Ga kuma hanyar daidaita sikeli kafin yanka, wadda Bruce Moore ya gabatar a 1981. Tana tambayar kowane motsi abu biyu: yaya sauƙin tayar da kai daga waje, kuma yaya ƙarfin bayyanarka a abin da ake aunawa? Amsar tana ba kowane motsi lamba, wanda ya gaza a duka biyun kuma shi ake zubarwa. Pernebo da Silverman sun tabbatar a 1982 cewa in asalin a natse yake, kuma ba a yanka a tsakiyar lambobi masu daraja ɗaya ba, ragaggen ma a natse zai fito. A 1984 Enns da Glover, kowa a nasa aikin, suka nuna cewa kuskuren ba zai wuce ninki biyu na jimillar lambobin da aka zubar ba. Wato kafin ka yanka ka san iyakar ɓarnar da za ka yi. Sama da shekara arba'in ke nan da wannan alheri, amma har yau ana karanta takardun da ba su ambaci iyakar kuskure ko sau ɗaya ba.

Na san uzurin. Za a ce warware ikweshan ɗin Lyapunov da wannan hanya ke bukata yana da tsada, aikin yana ƙaruwa kamar girman tsari sau girmansa sau girmansa, don haka ba ya yiwuwa ga ma'aunai dubu ɗari. A da wannan magana tana da ƙarfi. Amma daga wajajen shekarar 2000 Thilo Penzl, sannan Li da White, sun nuna yadda ake samun amsar a taƙaice ga manyan tsare-tsaren da mafi yawan lambobinsu sifiri ne, kuma littafin Athanasios Antoulas na 2005 ya tattara fannin a wuri guda. Ko da a ce hanyar mai tabbaci ta gagara, ƙaramin samfurinka mai ma'aunai goma fa? Fitar da saiwoyinsa umarni ɗaya ne a kwamfuta, bai kai sakan ɗaya ba. Wanda bai buga wannan umarni ba, ko dai bai san ya kamata ba, ko kuwa yana tsoron abin da zai gani. Na farko a koya masa. Na biyu a tsawata masa.

Akwai wanda ya fi waɗannan biyun muni: wanda ya duba, ya ga saiwa ta faɗa ɓangaren dama, ya goge ta ko ya juya alamarta, ya yi shiru. Juya saiwa yana da gurbinsa a wasu hanyoyin daidaita samfuri da awo, inda aka san tsarin gaske a natse yake, aka bayyana matakin, aka sake gyara sauran lambobi bayansa. Yin sa a ɓoye kuwa ha'inci ne. Saiwar nan saƙo ce. Ko dai tana gaya maka hanyar ragewarka ta lalata samfurin, ko kuma tana gaya maka tsarin gaske yana da ciwon da ba ka lura da shi ba. Ka goge ta ba tare da ka san wanne ne ba, ka cire fitilar gargaɗi ka sayar da motar.

Masu nazarin gudun iska da ruwa ma ba su tsira ba. Hanyar da suka fi so ita ce a tattara hotunan motsi, a zaɓi siffofin da suka ƙunshi mafi yawan makamashi, a zubar da saura. Za ka ji ana alfahari cewa siffa goma sun ɗauke kashi 99 cikin ɗari. Kashi ɗayan da ya rage fa? A gudu mai hargitsi, makamashi yana gangarowa daga manyan guguwoyi zuwa ƙanana, kuma a ƙananan ne yake ƙonewa ya zama zafi. Ka zubar da su, ka toshe mafitar. Makamashi ya taru a ƙaramin samfurin har ya fashe ko ya zauna a wani hali na ƙarya. Aubry da Holmes da Lumley da Stone sun san haka tun 1988, shi ya sa suka ƙara wani sashe a samfurinsu don ya maye gurbin aikin ƙananan guguwoyin, kuma suka faɗa a fili. Daga baya Clarence Rowley da wasu suka nuna cewa ma'aunin da kake auna kusanci da shi wajen ragewa yana da tasiri a kan natsuwa: in ka zaɓi wanda ya dace da makamashin tsarin, ko da awon Lyapunov ɗinsa, hujjar natsuwa takan bi ka zuwa ƙaramin samfuri. Haka ma masu rage tsare-tsaren da ke adana makamashi suka koyi kiyaye ginin ikweshan ɗin kansa. Duk waɗannan a rubuce suke. Mai faɗin kashi 99 ya tsaya nan bai karanta fanninsa ba.

Ko an kiyaye natsuwar ragaggen samfuri, aiki bai ƙare ba, kuma a nan ƙwararru ma suke zamewa. Na'urar sarrafawa da ka zana a kan ƙaramin samfuri, a kan babban tsari za ta yi aiki. Cewa ta natsar da ƙaramin bai nuna za ta natsar da babban ba. George Zames ya ba da ma'aunin tun 1966: in girman kuskuren samfuri, an ninka shi da ƙarfin amsawar zagayen sarrafawa, bai kai ɗaya ba a kowane saurin lilo, ka tsira. Ma'anarsa kuskure ɗan mitsitsi a daidai wurin da zagayen ya fi tsananin ji ya fi babban kuskure a wani wuri illa. John Doyle ya nuna a 1978 cewa wata shahararriyar hanyar zana na'urar sarrafawa, wadda ake kira mafi kyau, ba ta da tabbacin ko ɗan sarari na jure kuskure. Gunter Stein kuma ya keɓe laccarsa ta 1989 ga jan kunnen abokan sana'arsa a kan raina tsare-tsare masu ƙwacewa, yana kafa hujja da jiragen yaƙi da tashar Chernobyl. Abin da ake nema ba shi da wuya: ka ɗauki na'urar da ka zana, ka mayar da ita kan cikakken samfurin, ka duba. In ba ka yi ba, kada ka rubuta cewa ta yi aiki.

Sabon yayi kuma ya zo ya ƙara wa wutar fetur. Yanzu ana horar da kwamfuta da tarin bayanai ta fitar da ƙaramin samfuri da kanta, ana auna nasararta da yadda take hasashen mataki ɗaya na gaba. Kuskure kaɗan a mataki ɗaya bai hana samfurin ninka kuskurensa a kowane mataki ba. Ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari a kowane zagaye, bayan zagaye dubu ya haura ninki 20,000. Akwai masu bincike da ke gina sharaɗin Lyapunov a cikin tsarin koyon tun daga tushe, don samfurin ya kasa ƙwacewa ko da ya so, kuma wannan ita ce hanya. Amma da yawa suna yanke zanensu daidai inda layin ja ya fara kaucewa. Duk wanda ya taɓa yin wannan aiki ya san abin da nake nufi, kuma ya san ba bisa kuskure ake zaɓar wurin yankan ba.

Abin ya shafe mu a gida. Ɗalibanmu na injiniyan lantarki suna yawan rubuta kundi a kan layukan kilovolt 330 na Najeriya, a kan Kainji da Jebba da Shiroro, da layin da ya bi ta Kaduna ya kai Kano. Wannan abin farin ciki ne, don ƙasar da babban layinta ke yawan durƙushewa tana bukatar masu fahimtarsa. Amma sau da yawa sai a rage ƙasar gaba ɗaya zuwa janareta guda da aka jona wa wata tasha marar iyakar ƙarfi, wadda komai aka yi mata ba ta motsi. Wannan samfuri yana da asali mai daraja, Heffron da Phillips sun yi amfani da shi a 1952, de Mello da Concordia suka faɗaɗa shi a 1969, kuma yana koyar da abubuwa da yawa a aji. Sharaɗinsa shi ne sauran tsarin ya fi janaretan girma nesa ba kusa ba. A tsarin da wutar da ake rabawa ba ta wuce megawat dubu kaɗan ba, inda fitar tasha ɗaya ke girgiza kowa, ina tashar marar iyaka take? Ɗaukar ta a lissafi daidai yake da ɗaukar cewa abin da ake tsoro ba zai faru ba, sannan a kammala da cewa bai faru ba. Kuma lilon da ke tsakanin yanki da yanki, irin wanda ya tsaga yammacin Amurka, ba ya bayyana sam a samfurin janareta guda. Ba ina cewa lissafi ne ke kashe mana wuta ba, matsalolin layinmu sun haɗa da ƙarancin gas da tsufan kaya da ɓarnar turaku. Ina cewa wanda zai ba da shawarar yadda za a saita na'urorin kwantar da lilo, dole samfurinsa ya iya yin lilon tukuna.

Laifin ɗalibi kaɗan ne a nan. Malam mai duba kundi, kai ka sa hannu. Malam mai jarrabawa daga waje, kai ka karɓa. Mai tace takardu a mujalla, kai ka ce a buga. Tambayoyin da ya kamata ku yi ba sa cin minti biyar. Ina saiwoyin ƙaramin samfurin, a jera su kusa da na babban? Wace hujja ce ta ce hanyar nan tana kiyaye natsuwa, kuma sharuɗɗanta sun cika a wannan tsari? Nawa ne iyakar kuskure, kuma a wane saurin lilo ya fi tsanani? An gwada da wata taɓawa dabam da wadda aka gina samfurin da ita, an kuma bar shi ya yi gudu ninki goma na lokacin da aka nuna? In tsarin ba miƙaƙƙe ba ne, daga wace tazara yake iya dawowa, kuma tazarar ta ragu ko ta ƙaru bayan ragewa? Ɗalibin da aka yi wa waɗannan tambayoyi sau ɗaya a gaban kwamiti ba zai sake zuwa da layi biyu kawai ba, kuma in ya zama malami zai yi wa nasa ɗaliban.

Kai kuma da za ka miƙa ƙaramin samfuri ga wani, ka haɗa masa da takarda guda: ga abin da na zubar, ga dalilina, ga iyakar gudu da nauyi da saurin lilon da na gwada, bayan nan ban lamunce maka ba. In saiwa ta taɓa faɗawa dama a hanya, ka rubuta, ka rubuta abin da ka yi da ita. In lokaci ya ƙure maka ba ka mayar da na'urar sarrafawa kan cikakken samfuri ba, ka faɗa a shafin farko, da manyan baƙaƙe, don wanda zai kunna injin ya san ya fara da ƙaramin ƙarfi kuma hannunsa na kan makashi.